Kaset Daga Milwaukee

Milwaukee,
14 ga Oktoba, 1984

Yaya Wardell,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji, tare da fatan takardar nan za ta same ku lafiya, kai da matarka Earline. Yaya ƙafar? Ina fatan ka daina hawa rufin coci kai kaɗai da guduma kamar ɗan shekara ashirin. Ni lafiyata ƙalau, sai dai sanyi ya fara shigar mini ƙashi, mutanen nan kuma suna ce mini wai ba a ma fara ba.

Bayan haka, yau Lahadi shida ke nan ban taka coci ba. Kai ka san tun ina 'yar shekara sha tara nake kan kujerar piyanon cocinmu, Ƙaramar Betel, ko makon da na binne mijina ban yi fashi ba. Yanzu ga ni da shekara sittin da ɗaya ina ba wata tsohuwa abinci a baki, a garin da ban san kowa ba. Da ba a rufe kamfanin ɗinkin nan namu ba, me zai kawo ni?

Sunan tsohuwar Misis Dombrowski. Hankalinta yana zuwa yana komawa, amma ba ta da mugunta. Ɗanta ne ya ce ranar hutuna Alhamis. Na ce masa, "Yallaɓai, cocin wa ke buɗewa ranar Alhamis?" Ya yi dariya, ya ɗauka barkwanci nake.

Amma akwai piyano a falonsu, Wardell, mai kyau, babu maɓallin da ke maƙalewa irin namu. Shi ya sa na yi dabara. Ga kaset nan cikin kwali, waƙa shida na kaɗa, lambobinsu suna jikin takarda. Ka ɗora rikodarka a kan piyano, ban ce a ƙasa ba, kuma kada ka danna sai Fasto Hairston ya kira lamba. Sannan ka aro rikodar Mama Idella, wadda jikarta ta aiko mata take ɓoyonta a ƙarƙashin gado, ka ɗauko mini sujadar tun daga buɗewa har sa albarka. Ina so in ji ku.

Agogonmu ɗaya da naku. Ƙarfe sha ɗaya na kowace Lahadi zan tsaya a bakin tagar kicin in kira sunayenku ɗaya bayan ɗaya. Ku sha tara ne, na rubuta ku a bangon littafin waƙoƙina. Ku ma ku kira nawa.

Kakata da kakarka nono ɗaya suka sha, kai ne kuma dikin, dattijon da ke kula da coci. Saboda haka ba roƙonka nake ba, aikinka nake tuna maka.

Ƙanwarka,
Ozella

Pinder Creek, Alabama,
6 ga Nuwamba, 1984

Ƙanwata Zell,

Mun gode wa Allah da jin lafiyarki. Mu ma lafiya. Ƙafa tana nan yadda kika bar ta, rufi kuma na riga na gama, sai ki yi faɗanki da iska. Earline ta dawo daga gida, garinsu Mobile, ranar Juma'a. Kin san ta, in wata shida ya wuce ba ta je ta ga 'yan'uwanta ba sai ta fara ciwon kai. Ta ɗan rame, ta ce girkin yayarta ne. Tana gaishe ki, ta ce ki sayi safa mai kauri.

Kwali ya iso. Ban iya dogon rubutu ba, amma ga yadda aka yi.

Na ɗora rikoda inda kika ce. Fasto ya kira lamba, na danna. Da piyano ya tashi, babu wanda ya buɗe baki. Kowa ya juya yana kallon kujerarki. Sai Mama Idella ta dogara sanda ta miƙe, da shekararta tamanin da shida, ta je ta leƙa bayan piyano, ta dawo ta tsaya gaban rikoda ta ce, "Sannu da aiki, Ozella. Ba sa ba ki abinci ne a can kika koma 'yar mitsitsiya haka?" Coci ya ɗauki dariya. Na mai da kaset baya muka sake. A karo na biyu muka bi ki. Earline tana waƙa tana share ido.

Za ki ji duk wannan da kunnenki. Za ki kuma ji Lemuel Spruill da tarinsa, daidai inda ya saba, kafin baiti na biyu. Na ce masa, "Lem, yau ɗauka ake yi, ka daure ka riƙe." Ya ce, "Shekara arba'in tana jin tarina. In ba ta ji ba za ta ce ba cocinmu ba ne."

Sunanki yana cikin jerin addu'a, ni nake karantawa. Na sa ki tsakanin marasa lafiya da matafiya, don ban san inda kika fi dacewa ba.

Abu ɗaya. Ki ɗan rage gudu. Mu tsofaffi ne.

An haƙe dankali, ya yi kyau bana. Earline ta ce ina ma kina kusa.

Yayanki,
Wardell Gholston

Milwaukee,
22 ga Afrilu, 1985

Dikin Gholston,

Ina gaishe ka. Ina fatan kowa lafiya, in dai abin da kake rubuto mini a kan lafiyarsu gaskiya ne. Ni na fito daga hunturu da raina. Hannun dama yana kumbura da safe, amma yana aiki.

Kaset ɗin da ka rubuta "Ista" a jikinsa, na bikin tashin Almasihu daga matattu, ya zo ranar Laraba. Na ƙi taɓa shi sai jiya Lahadi, don in ji shi a lokacinsa. Na kwantar da tsohuwa, na sa farar rigata da hulata, ni kaɗai a kicin kamar taɓaɓɓiya, na zauna na danna.

Waƙar farko ta tashi, na ce ikon Allah, wannan ai ba ta Ista ba ce, ba ita na aiko ba. Na ce wataƙila Fasto ne ya canza. Aka gama baiti na farko. Sai na ji tari.

Wardell, kai da hannunka ka rubuto mini a watan Fabrairu cewa kun binne Lemuel Spruill. Na yi kuka a kicin ɗin nan, na ja layi a kan sunansa. To, ko shi ma ya tashi ne ranar Ista? Sau uku ina mai da kaset baya. Shi ne. Can kuma wajen addu'a ga Earline tana gode wa Allah da albarkar dankali. A watan Afrilu!

Tsohon kaset ka ɗauko ka manna masa sabuwar takarda. Ni ka mayar yarinya? Ka san abin da kaset ɗin nan yake a wurina? In na fita ranar Alhamis, bas nake shiga in je ƙarshen layi in dawo, don kawai in ga fuskar mutane. Wata bakwai ina kaɗa muku da hannu mai ciwo, ina kiran sunayenku a bakin taga, ashe ni kaɗai nake cocina.

Ka faɗa mini gaskiya. Wata kuka samo? In kun ɗauko wata daga cikin gari ta hau kujerata, ku faɗa, ba zan mutu ba. Ko gajiya kuka yi da ni, kuke zuba abin da na aiko a aljihun tebur? Na watan Maris ma da na sake saurara yau, ban yarda da shi ba.

Ba zan ƙara taɓa piyano ba sai na ji amsa.

Ozella Mabry

Pinder Creek,
2 ga Mayu, 1985

Ozella,

Takardarki ta zo. Jiki da sauƙi. Tunda gaskiya kike so, ga ta, kada ki ce ta yi ɗaci.

Tsohon kaset ne. Na Maris ma haka. Da kaka na ɗauki Lahadi da yawa, ban aiko duka ba. Babu wadda ta hau kujerarki, wa zai zo? Ƙura ce a kai, Earline ke gogewa in ta sami ƙarfi.

Ɗauko littafinki da alƙalami. Lem ya mutu. 'Yarsa ta zo ta tafi da matarsa Birmingham. Gidan Coleman su shida sun kwashe sun tafi Houston neman aiki, kamar yadda kika yi. Mutum huɗu sun koma babban cocin gari, don can mota tana zuwa ɗauka har ƙofar gida, ga ganga ga jita. Mu bakwai muka yi Ista. Lahadin da ta biyo baya mu huɗu ne: ni, Earline, Mama Idella, sai Fasto Hairston, shi ma ranar ya yi mana ban kwana, idonsa ya daina ganin hanya. An ce za a turo mana sabo.

Na ɗauki sujadar ranar, tana nan. Na danna kaset ɗinki, piyano ya zabura kamar an biyo shi. Muna ƙarshen layin farko kina na uku. Numfashin Earline ya ƙare ta zauna. Fasto ma ya daina bi. Mama Idella ta ja ita kaɗai har ta gaji. Muka tsaya baki buɗe, piyano yana ta gudunsa shi kaɗai a cikin coci har ya kai ƙarshe, ya yi 'yar kwalliyar nan da kike yi. Sai Mama Idella ta ce, "Wardell, kashe ta. Ozella ta gaske tana waiwayowa ta ga ko na ja numfashi. Wannan ta cikin akwatin ba ta da wuya."

Shi kike so in sa a ambulan in aika wa mace mai zaman kaɗaici a cikin ƙanƙara? Na ce bari in bar ki da cocin da kika sani. In ƙarya ce, na yi ta, Allah ya gani.

Tun Nuwamba na ce ki rage gudu. Ba ki ji ba, don ba ki saba a gaya miki ba.

Ban ce tafiyarki laifi ce ba, abinci ya kai ki. Amma ni nake buɗe ƙofar nan, ni nake hura murhu, ni nake haƙa kabari. Kada ki zauna a falon Turawa kina ba ni maki.

Wardell

Pinder Creek,
11 ga Yuni, 1985

Zell,

Gaisuwa. Mako shida ke nan babu takarda, babu kaset. Ina fatan ba ciwo ba ne. In maganata ce, na faɗe ta da zafi, ki ajiye ta gefe tukuna.

Earline tana shirin tafiya gida. Ta ce in gaya miki tana so ta ji waƙarta da hannunki kafin ta tafi, mai lamba ɗari biyu da sha huɗu. Ita kaɗai, ba sai kin cika kaset ba. Ki yi ta a hankali.

Kada ki daɗe.

Wardell

Milwaukee,
8 ga Yuli, 1985

Dikin,

Ina gaisuwa. Lafiyata lau, ba ciwo ya hana ni rubutu ba. Takardunka biyu suna nan, na bari sun huce kafin in amsa.

Tunda ba ka tambaya ba, bari in gaya maka abin da ya sa nake gudu. In na kaɗa a hankali, tsohuwar nan sai ta fashe da kuka, ta yi ta kiran uwarta, a rasa yadda za a yi da ita. Sau biyu ɗanta yana tarar da ita haka. Ya ce ko in kaɗa masu faranta rai, ko ya kulle piyanon. Na gwammace in ba ku da gudu a kan in bar ku babu. Falon Turawan ke nan da kake gani. Sai ka karanta wa Mama Idella, ka ce ta cikin akwati tana gaisuwa.

Maganar Earline kuwa, Allah ya kai ta lafiya, ta gaishe mini da mutanen Mobile. Na ga dabararka. Ka san ita ba zan iya ce mata a'a ba, shi ya sa ka turo ta gaba. Waƙa ba ta ruɓewa. In ta dawo, in kuma na ga takardar da aka rubuta "yi haƙuri" a ciki da manyan baƙaƙe, sai mu yi magana.

Ozella

Pinder Creek,
15 ga Yuli, 1985

Misis Mabry,

Ina lafiya, tunda al'ada ce a faɗa.

Earline ta mutu ranar Talata, 25 ga Yuni, da hantsi, a kan gadonta. Mun binne ta ranar Asabar a bayan coci, kusa da Lem. Ciwon yana cikinta tun kaka, ita ta hana a faɗa. Takardarki ta zo ranar Juma'ar nan. A tsaye na karanta ta a bakin hanya.

Mobile. Gawa nawa kika kaɗa wa a cocin nan, Ozella? Sau nawa kika ji an tashi an ce wane ya tafi gida? Ni na kasa rubuta ɗaya kalmar, tana kwance a ɗaki tana jin motsin alƙalamina. Na ɗauka duk duniya ke ce ba sai an fassara miki ba.

Kwana sha huɗu tana jira. In ta ji motar mai kawo wasiƙu sai ta ce, "Wardell, je ka duba." In ja ƙafa in je bakin hanya, in buɗe akwati, in dawo. Na ce mata gidan waya ne, sun lalace yanzu. Rana ta goma ta ce, "Daina ɗora wa gidan waya. Fushi take yi. Ka bar ta, in ta huce za ta kaɗa, kuma za ta yi kyau." Har ta daina magana ba ta faɗi komai a kanki ba sai wannan. Ni ne mai abin faɗa.

Waƙar tana cikin kaset ɗinki na Disamba. Na sa mata. Ta saurari rabi ta ɗaga hannu, ta ce, "Ba zan iya bin ta ba."

Ranar jana'iza sabon fasto, Ledbetter sunansa, ya ce zai kawo mai kaɗawa daga gari. Mama Idella ta ce a'a. Daga zaune, don ba ta iya tsayuwa yanzu, ta ɗaga waƙar da baki. Ta faɗi layi mu ja, ta faɗi layi mu ja, yadda kakanninmu suke yi kafin a sayi piyano. Coci ya cika har waje, mutanen Mobile mota uku suka zo. Babu wanda ya riga wani. In ta tsaya jan numfashi, mutum ɗari su jira ta. Ban taɓa jin waƙa irin ta ranar ba. Ba don in ƙona miki rai na faɗa ba. Ko kuma don haka ne, ban sani ba.

Tun ranar haka muke yi. Kada ki ƙara aiko da kaset. Na mayar wa Mama Idella rikodarta.

Sunanki yana cikin jerin addu'a. Ina karanta shi, don a rubuce yake.

W. Gholston

Milwaukee,
24 ga Yuli, 1985

Yaya,

Ban san yadda ake buɗe irin wannan takarda ba. Ba zan tambayi lafiyarka ba, na sani. Tawa kuma ba abin tambaya ba ce.

Sau huɗu ina farawa ina yagewa. A ta farko na rubuta cewa laifinka ne, me ya hana ka je kantin bakin hanya ka bugo waya, me ya hana ka rubuta kalmar. Har yanzu ina cewa da ma ka rubuta. Amma ba nan gaskiyar ta tsaya ba.

Ranar da takardarka ta zo, da na kai kan "kada ki daɗe" sai na sake karanta layin. Wani abu ya ce mini, Ozella, wannan ba Mobile ba ce. Na ninke takardar na ce Mobile ce, don in Mobile ce ina da damar ci gaba da fushina. Shi ke nan. Ba ni da wata hujja.

Lahadi uku ina tsaye a bakin taga ina roƙa wa Earline sauka lafiya, tana ƙarƙashin ƙasa. Matar da ta yi mako guda tana dafa mini abinci da na rasa mijina.

Jiya na kaɗa waƙar, a hankali, yadda ta so. Ban kunna rikoda ba. Tsohuwa ta yi ta kuka, ni ma haka, muka zauna mu biyu kowa da mamacinsa. Ɗanta ya shigo ya gani, ya kulle piyanon ya tafi da makulli. 

Taron shekara na coci Lahadi ta biyu ce a Agusta. Na roƙi kwana huɗu an ba ni. Ina so in zo in ga kabarin. In ba ka so, ka faɗa da kalmar da ba zan iya karkatarwa ba.

Ozella

Pinder Creek,
1 ga Agusta, 1985

Ozella,

Muna nan. Coci ba nawa ba ne, ƙofarsa kuma ba a sa mata sakata ranar Lahadi.

Wardell

Milwaukee,
23 ga Agusta, 1985

Yaya Wardell,

Gaisuwa. Ƙafafuna sun kumbura a bas, amma kumburin ya sauka. Ina fatan kana cin abinci. Na ga wuyan rigarka ya yi maka yawa.

Ba mu yi magana ba ranar, sai in yi ta a nan.

Da gangan na bari aka fara kafin in shigo, don kada a tare ni a ƙofa. Coci cike da 'ya'yan mutane daga Atlanta da Chicago, rabinsu ban gane su ba. Piyano an lulluɓe shi da farin mayafi, an jera tukwanen furanni a kai. Na zauna a bencin ƙarshe, inda ban taɓa zama ba tunda aka haife ni. Ashe daga can ba a ganin fuskar kowa, sai ƙeya.

Mama Idella ta ɗaga waƙa. Ba ka yi ƙarya ba. Ni saurara kawai na yi. Shekara arba'in da biyu ina zaton ni nake ɗauke da ku.

Sai fastonku ya ce baƙi su tashi su faɗi sunansu da cocinsu. Mutane suka riƙa tashi. Ni ina zaune, me ya shafe ni? Can ya miƙo hannu ta wajena yana murmushi, ya ce, "Mama, ke mai hula ruwan toka can baya, kada ki ji kunya. Tashi mu san ki."

Waɗanda suka san ni suka waiwaya suka gan ni, sannan dukansu suka juya suna kallonka. A nan na gane kowa ya ji labarin waƙar Earline. Kai suke jira. Kana kujerar gaba, hularka a gwiwa. Kalma biyu ce, Wardell. "Tamu ce." Ka ɗago ka dube ni ido cikin ido, ka koma kallon hular.

Na tashi. Na ce, "Ozella Mabry."

Ya ce, "Daga wane coci, Mama?"

Kakana ne ya sare itacen da aka yi bencin da nake dafe da shi. Na ce, "Daga Milwaukee."

Ya ce, "Kai, kin sha hanya! Ƙaramar Betel tana yi miki maraba. Ki saki jiki kamar a gidanku." Aka tafa.

Bayan an tashi Mama Idella ta aiko a kira ni. Ba ta ji abin da ya faru ba, kunnen ya tafi. Ta kama fuskata da hannu biyu ta ce, "Kin je kin gaishe da Earline? Je ki, ita ba ta riƙe ki ba. Mai riƙon yana can yana soya kifi."

Na je. Ka gyara kabarin da kyau. Na durƙusa, gwiwa ta ƙi tashi, na daɗe a can. Da na dawo ƙarƙashin bishiyoyi inda ake cin abinci, na tarar da faranti a ƙarshen tebur, kifi da kuɓewa da burodin masara, an kife shi da wani farantin. Aka ce kai ka ajiye, ba ka ce na wa ba ne. Na ci. Gishiri ya yi yawa. Da ma Earline ce mai riƙe maka hannu.

Ba na neman ka yafe mini yanzu. Abu ɗaya nake roƙo. In wani ya mutu, ka rubuta "ya mutu". Ni zan ci gaba da kiran sunayenku ko ana so ko ba a so, kuma ba na so in ƙara roƙa wa matacce lafiya.

Jiya kati ya zo, bugagge, irin wanda ake aika wa baƙi: mun ji daɗin ziyararki, muna fatan za ki sake zuwa. Fasto ya sa hannu. Amma adireshin da ke bayan ambulan rubutunka ne. Na juya katin gaba da baya, na leƙa cikin ambulan ko akwai wata 'yar takarda. Babu.

Ka gaya masa baƙuwar ta isa lafiya.

Ozella